Hotunan da Ba Zan Taɓa Nuna Muku Ba

Duk wanda ya tambaye ni sana'ata na ce masa hoto nake ɗauka, maganar da ke biyo baya ɗaya ce: "To, mu ga shafinki." In na buɗe masa Instagram sai ya ga marina a Ƙofar Mata, ya ga dawakai ranar Hawan Daushe, ya ga hazon hunturu ya lulluɓe Dala. Wasu su yaba, wasu su ce ai kowa ma yana ɗaukar irin waɗannan. Gaskiyarsu. Aikin da na baro Legas dominsa ba ya kan shafin, kuma ba zai taɓa hawa ba. Yana cikin adakar tsofaffi, yana ƙarƙashin atamfofi a durowar amare, yana cikin albam ɗin da ba a fito da shi sai an tabbatar babu baƙon namiji a ɗaki.

Ni haifaffiyar cikin birnin Kano ce. Sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, don haka Baba bai taɓa kama sunana ba, "Uwata" yake ce mini. Ita kuwa mai sunan, Inna, "kishiya" take kirana tun ina rarrafe. Na karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero, aka tura ni bautar ƙasa Legas a 2016. An so a nema mini canji zuwa kusa da gida, na roƙi Baba ya bari, tunda Goggo ƙanwarsa tana aure a Agege. Ya yarda, da sharaɗin a gidanta zan zauna, kuma in ba aiki ba kada magariba ta yi mini a waje. Sharaɗi na biyun, cunkoson Legas bai bar ni na cika shi ba ko na mako guda.

A watan Agustan shekarar ne Mark Zuckerberg, mai Facebook, ya zo Legas ya shiga CcHub, cibiyar matasa masu fasahar zamani a unguwar Yaba. Wanda bai ga Yaba a lokacin ba da wuya ya gane irin zazzaɓin da ya kama matasa. Duk wanda ka gani da laftof a jaka, akwai kamfani a ransa. Andela tana ɗibar yara tana koya musu rubuta manhaja su yi wa kamfanonin Amurka aiki daga nan gida. Paystack da Flutterwave, kamfanonin biyan kuɗi ta intanet, duka jarirai ne a lokacin, amma sunansu yana bakin kowa. Ina gama bautar ƙasa a 2017 na samu aiki a wani ƙaramin kamfani, mu goma sha huɗu a ɗakuna biyu na wani tsohon bene. Muna gina manhajar da ƙananan 'yan kasuwa za su riƙa karɓar kuɗi da turawa, tare da wakilai masu na'urar POS a bakin kasuwanni.

Rubuta manhajar waya aka ɗauke ni yi, amma ba a yi wata shida ba aka gane Hausar bakina ta fi komai amfani a wajensu. Kasuwar Mile 12 cike take da 'yan gwarin da ke sauke tumatur da attaruhu daga Kura da Kadawa, da albasa daga Aliero, kuma da yawansu a jiki suke ɗaure kuɗin ciniki su kama hanyar arewa. Babu wanda zai iya zama da su ya ji damuwarsu sai ni. Daga zuwa fassara, sai na koma ni ce mai tsara abin da manhajar za ta yi da abin da ba za ta yi ba.

Ina so a fahimce ni da kyau: na so aikin nan. Ba gudun wahala na yi ba, ba kuma zaluntata aka yi ba. Nakan fita daga Agege bayan sallar asuba, in bi ta Oshodi da Mushin, in dawo bayan isha'i. Ina salla a wani lungu ƙarƙashin matattakala, abokan aikina suka saba har suka daina ajiye kwali a wurin. Kowace Litinin mukan taru gaban wani babban allo mu kalli lambobi: mutum nawa suka yi rajista, nawa suka yi ciniki, nawa suka daina. Wasu darare mukan jira kiran masu zuba jari, domin idan dare ya yi a Legas, a San Faransisko rana ce tsaka. Albashi ya yi ta ƙaruwa. Da shi na biya wa ƙannena kuɗin makaranta, na canja kwanon gidanmu da ke yoyo duk damina, na kai Umma Umara. Ban manta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma ban raina su ba.

Hoto ta ƙofar aiki ya shigo mini. Kafin a yi wa wakili rajista sai an ɗauki fuskarsa an haɗa da lambarsa ta shaidar banki, wato BVN, don haka na ɗauki ɗaruruwan fuskoki da waya a Mile 12. Sannu a hankali na lura idan na gama abin da ya kawo ni ba na tafiya. Sai in tsaya kallon wani ɗan dako da barci ya kwashe a kan buhunan albasa, haske ya ratso ta hudar tamfol ya sauka daidai tafin hannunsa. A 2018 na je Computer Village a Ikeja na sayi kyamarar Nikon ta hannu da gilashi guda mai milimita 35, na mayar da Asabar ranar yawo da ita. Akwai abin da na gani a lokacin ban ba shi muhimmanci ba. Matanmu masu sayar da tuwo da fura a gefen kasuwa, da zarar abokin aikina namiji ya ɗaga waya sai su ja mayafi su kau da kai. Ni kuwa sukan bar ni, har su gyara zama, sai dai su ce, "'Yar nan, kada dai ki sa mu a Facebook."

Ranar 30 ga Maris, 2020 aka kulle Legas saboda korona, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Mu a kamfani kasuwa ce ta buɗe, domin mutane ba sa iya zuwa banki, kowa ya koma wajen mai POS. Muna aiki daga gida dare da rana. A watan Afrilu kuma labarin da ke fitowa daga Kano ba daɗi. Kowace safiya sai an sanar da rasuwar wani dattijo, malamai da 'yan boko da 'yan kasuwa, masu haƙar kabari suna gaya wa 'yan jarida ba su taɓa ganin irin haka ba. Kwana uku da kama azumi, ina cikin taron aiki ta bidiyo, wayata ta yi ƙara. Yayana ne. Na katse. Ya sake kira, na sake katsewa, na rubuta masa cewa zan kira shi in an tashi. A karo na uku Goggo ce ta turo ƙofar ɗakin, ko mayafi babu a kanta. Ba sai ta yi magana ba.

Kafin la'asar an kai Inna. Babu mota, babu jirgi. Ni da Goggo muka yi zaman makokinmu mu biyu a falo, muna amsa gaisuwa ta waya.

Da daddare aka shiga neman hotonta a zauren WhatsApp na dangi. Gida mai 'ya'ya da jikoki fiye da hamsin, kowa da waya mai kyamara, amma abin da aka samu biyu ne: hoton fasfon da ta je Makka da shi, da na katin zaɓe. A duka biyun fuskarta a ɗaure take, idonta ya ɗan yi ƙasa, domin baƙon namiji ne a bayan kyamarar. Na daɗe ina kallon su ina neman Inna ban gan ta ba. Innar da na sani mai dariya ce har haƙorin Makka ya bayyana, leɓenta ja da goro, hannunta baƙi wuluk da lalle. Har ta tsufa ba ta daina kaɗi ba. Takan miƙe ƙafa a kan tabarma, ta shafa alli a yatsa, ta murza mazari a cikin taskira, zare yana fita daga auduga siriri kamar ba zai tsinke ba. Bayanta gado mai rumfa ne da jeren langa har kusa da azara. Duk wannan babu hotonsa ko ɗaya, kuma ba za a taɓa samu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Sallar 2019. Na zo gida na yi kwana biyar, Nikon ɗina tana cikin jaka. Na fita na ɗauki dawakai da 'yan lifida da 'yan kwalkwali har katin ya cika. Na zauna a ɗakinta kuma, amma da laftof a cinya, ina amsa saƙonnin ofis. Ta dube ni ta ce, "Kishiya, wannan allon naki ba a wanke shi ne a huta? Mu a zamaninmu in an biya karatu sai a wanke." Na yi dariya na ce saura kaɗan, Inna. Ni ce mace, ni ce jika, ni ce mai kyamara. A duk duniya babu wanda za ta saki fuska ya ɗauke ta kamar ni, kuma taku biyu ne tsakanina da jakar.

Ban ajiye aiki a lokacin ba. Na ƙara shekara biyu da rabi, kuma dalilan ba na wasa ba ne. Akwai ƙanne a makaranta. Akwai kuma hannun jarin da aka yi mana alkawari, wanda ba ya zama naka gaba ɗaya sai ka cika shekara huɗu, kuma duk ƙarin girma da nasa sabon alkawarin mai sabon lissafi. A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, aka ce a kan fiye da dala miliyan 200. A Maris na 2021 darajar Flutterwave ta haura dala biliyan ɗaya. Kowa a Yaba ya shiga lissafin abin da takardarsa za ta zama, ni ma na yi. Sai dai duk hutun da na samu, Kano nake tahowa, kuma na daina fita neman dawakai. Na fara bin tsofaffin gidanmu da na maƙwabta ɗaki-ɗaki.

A ƙarshen 2021 aka yi bikin 'yar kawuna. An ɗauko mai hoto namiji, gwani ne kuwa, ya yi aikinsa a wajen ɗaurin aure da wajen dina. Amma ranar sa lalle a zaure aka tsayar da shi, kamar yadda ake tsayar da kowane namiji a gidajen cikin gari. Wata gwaggon amarya ta leƙo ta ce, "Ina 'yar Legas mai kyamara? Ta shigo." Na shiga. Na ga amarya ba kwalliya, ba gwaggwaro, an lulluɓe ta da tsohon zane tana kuka na gaske, kakarta tana riƙe da ƙafarta tana ɗora lalle, wata tsohuwa ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, hayaƙin turaren wuta ya tokare hasken da ke shigowa ta ƙofa. Na ɗauka hannuna yana rawa. A daren na gane cewa rabin rayuwar garinmu, rabin da aka haife mu a ciki aka yi mana wanka aka yi mana tarbiyya, kusan babu hotonsa. Turawan mulkin mallaka sun ɗauki sarakuna da kasuwar Kurmi da dalar gyaɗa. Masu situdiyo sun ɗauki mata a tsaye gaban labule, an yi shiri an daskare. Cikin gida kuwa ƙofarsa a rufe take ga mai hoto, domin mai hoto namiji ne.

Na yi istihara, na kuma ɗauki watanni ina tara kuɗin da na ƙiyasta zai riƙe ni shekara guda. A tsakiyar 2022 na sami Baba bayan isha'i na durƙusa na gaya masa. Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Sannan ya ce, "Uwata, sakin reshe kama ganye ke nan. Karatun da kika yi, da wahalar da kika sha a garin mutane, ki ƙare a bin gidajen biki ana ce miki mai hoto?" Na yi masa bayanin Inna. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce akwai maganar addini ma, in je in tambayi malaminsa, abin da ya ce shi ke nan.

Yayana ya raka ni. Malam bai yi gaggawa ba. Ya kawo hadisan da suka yi tsanani a kan masu yin surar abu mai rai, ya ce malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara: wasu sun haramta sai don lalura irin ta fasfo, wasu da yawa kuma suna ganin ba sassaƙa ba ne, ba zane ba ne, kamar surar da madubi ke nunawa ce aka tsayar da ita. Ya ce shi yana tare da na biyun. Sannan ya ƙara da abin da har yau yake kunnena. Ya ce, "'Yata, ba hoton nake ji miki tsoro ba. Matan mutane za su cire mayafi a gabanki don sun yarda da ke, su bar surarsu a hannunki ki tafi da ita gida. Wannan ajiya ce. Ki tambayi kanki ko za ki iya riƙe ta."

Na ce zan iya. Ashe ban san nauyin abin da na amsa ba.

Shugaban kamfaninmu ya yi mini karamci. Ya ce in koma Kano in riƙa yi musu aiki daga can, ko da rabin lokaci ne. Na gode masa na ƙi, domin na san halina, allon nan ba zai wanku ba muddin yana hannuna. Aka ba ni kwana 90 in biya kuɗin hannun jarin da ya zama nawa ko in rasa shi. Na sayi ɗan abin da zan iya, na bar sauran. Kamfanin yana nan har gobe, ya ma fi da girma. Abokan aikina wasu suna Kanada, wasu Ingila, wasu sun kafa nasu. Ba zan ce muku na fi su dacewa ba, kuma ba zan ce zuciyata ba ta taɓa motsawa idan na ga labarinsu ba.

Na dawo gida a ƙarshen 2022, kamar na zo tarar wahala. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta ɓace, bukukuwa suka tsuke, wanda zai yi kwana huɗu ya koma yini ɗaya. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ga shi aikina ba ya yiwuwa sai da janareta. A watan Yuni aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin watan Fabrairun 2024 ya fita. Kyamara, gilashi, batir, tawada, takardar wanke hoto, babu wanda ake yi a ƙasar nan, duk da dala ake shigo da su. Kuɗin da na ce na shekara guda ne, wata bakwai suka yi. Na koma karɓar kwangilar rubuta manhaja da daddare na tsawon watanni don in biya kuɗin makarantar autanmu. Umma ba ta taɓa ce mini "ai an gaya miki" ba, amma nakan ji ta tana addu'a da sunana a sujada. A gidajen suna kuma nakan tsinci magana a bayana: "Ita ce fa wadda ta bar aikin miliyoyi."

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da na jawo da hannuna. Wata amarya na ɗauka ta baya, fuskarta ba ta fito ba, sai kitso da wuya da zanen lalle da ya gangaro kafaɗa. Hoton ya yi kyau ƙwarai. Ina neman kasuwa ido rufe, na ce a raina ai ba a ga fuska ba, na ɗora shi a Instagram ba tare da na tambayi kowa ba. Kafin safiya dubban mutane sun gani, saƙonni suna ta shigowa, na ji irin daɗin da nake ji ranar Litinin in lambobi sun hau. Da hantsi uwar amarya ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Yata, mun shigar da ke ɗaki ne don mun ɗauke ki 'ya. Dangin mijinta sun gane kitson, sun gane ɗakin." Na sauke hoton nan take, amma wanda ya kwafa ya riga ya kwafa. Umma ta sa mayafi ta raka ni muka je muka ba da haƙuri, a gidan iyayenta da gidan surukanta. Yarinyar ta fara zaman aurenta da ɓacin ran da ni na jawo mata. Ta yafe mini, amma ni na san abin da na yi. Shekara biyar da na yi ina koyon cewa abin da ba a gani ba, ba a ƙirga ba, kamar bai faru ba ne, ita ce ta biyo ni har cikin ɗakin amarya.

Daga ranar na sake tsarin aikina gaba ɗaya, kuma a nan ne karatun kwamfuta ya yi mini rana fiye da yadda ya taɓa yi. Kowane gida da katin ajiyarsa, ba na haɗa na wani da na wani. Kwamfutar da nake gyaran hoto da ita ba ta taɓa hawa intanet, kuma ma'ajiyarta a kulle take da lambar sirri ta yadda ko sace ta aka yi ba za a ga komai ba. Na daina kai aiki shagon wanke hoto, domin galibi maza ne a can, kuma kwafi yakan zauna a kwamfutarsu bayan ka tafi. Na ci bashi na sayi injin bugawa nawa. Mataimakiyata mace ce. A kowane biki kashi biyu nake yi: na waje, da mayafi da kwalliya, wanda za a iya tura wa kowa, da na ɗaki, wanda a takarda kawai nake bayarwa, cikin ambulan, a hannun mai shi ba a hannun miji ko ƙawa ba. Sannan in tambaye ta, in ajiye ko in goge? In ta ce a goge, a gabanta nake gogewa. Wadda ta nace sai na sa mata a waya, nakan zaunar da ita in gaya mata gaskiya: waya tana ɓata, tana zuwa wajen mai gyara, kuma abin da ya shiga WhatsApp sau ɗaya ya bar hannunki har abada.

Sana'ar kanta sai da na sake koyonta. Ɗakunan cikin gari duhu gare su, taga ƙarama ce in ma akwai. Ba na kunna fitilar kyamara, tana firgita tsofaffi, tana kuma shafe fuska ta bar ta fayau. Hasken hantsi nake jira, in ɗage labule, in zaunar da mace taku ɗaya daga bakin ƙofa, hasken ya zo mata ta gefe. Idan baƙar mace ta sa farin leshi, ma'aunin hasken kyamara yakan ruɗe ya bi leshin ya bar fuskar cikin duhu, don haka da hannu nake saitawa, fuskar nake bi ko da leshin zai ɗan ƙone. Amma mafi yawan aikin ba a kyamara yake ba. Nakan zo da goro da turare, in zauna a tabarma, a gaisa, a tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, a gano dangantakar kakata da kakarsu. Wani lokaci sai na yi awa guda jakar tana rufe. Akwai lokacin da mace ke mantawa da ke, ta koma tankaɗenta ko ta juya tana yi wa jika faɗa. Shi nake jira.

Ban ce babu ciwo ba. Nakan kalli aikin marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda tun daga 1968 ya bi matan Nijeriya yana ɗaukar kitsonsu har ya tara kusan dubu, yau suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. Nakan kalli na Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, wadda ta nuna wa duniya cewa a Borno ana biki ana zuwa makaranta ana dariya duk da Boko Haram. Su biyun sun ƙarfafa mini gwiwa, kuma ina sha'awar yadda aikinsu ya isa ga jama'a. Wata mai shirya baje kolin hotuna a Legas ta ji labarina ta nemi in kawo na cikin gida, ta ce irinsu ake nema. Na kwana biyu ban yi barcin kirki ba kafin na ce mata ba nawa ba ne. Na tura mata na marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta, yau rijiyoyi da yawa sun bushe sun cika da shara. Ta ce suna da kyau, amma ba su take nema ba.

Kasuwa kuwa ta zo ta hanyar da babu allon da zai ƙirga ta. Wannan gwaggo ta gaya wa waccan, uwar amaryar da na ɓata wa rai da kanta ta turo mini 'yar ƙanwarta bayan shekara guda. Yanzu ina ɗaukar kamu da sa lalle da suna da saukar Alƙur'ani ta 'yan mata, kuma ana kirana musamman don tsofaffi, 'ya'yansu su ce a zo a ɗauki Hajiya tun tana da ƙarfi. Abin da nake samu bai kai albashina na da ba, ko kusa. Yana ci da ni, yana biyan mataimakiyata, na gama biyan bashin injin.

Baba bai sake tayar da maganar aikina ba tun ranar da na dawo daga wajen Malam. Ba ya hanawa, ba ya tambaya. Sai bayan Babbar Sallar da ta wuce, ina kai masa abincin dare, ya ce, "Uwata, Iya fa tana tsufa." Iya ƙanwar Inna ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage a cikinsu. Sau uku ina zuwa mata da kyamara tana korata, tana cewa ita da ta kusa kabari me za ta yi da hoto. Na gaya masa haka. Ya ce, "Ki koma. Na yi mata magana."

Na koma ranar Alhamis da hantsi. Na tarar ta yi wanka ta sa kwalli, amma ba ta ce mini komai a kan hoto ba, ni ma ban ce ba. Muka yi hira har rana ta ɗaga. Can sai ta jawo wata tsohuwar taskira daga ƙarƙashin gado, ta buɗe ƙullin tsumma. Mazarin Inna ne, da ɗan guntun allinta. Ta ce ita aka ba ranar rabon kaya. Hannunta yana karkarwa, zaren ya tsinke sau biyu, a na uku ya kama. Ta ɗago tana dariya ta ce, "Kin gani, kishiya, ban manta ba." A nan na ɗauka.

Na buga shi a daren, washegari na kai mata a ambulan. Ta kai shi kusa da idonta ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce in kai wa ubana ya gani in dawo mata da abinta. Baba ya sa tabarau, ya matsa kusa da fitila. Ya kai minti biyar bai yi magana ba. Da ya buɗe baki muryarsa ta canja, ya ce, "Dariyarsu ɗaya. Haka take yi, haka take karkatar da kai." Ya shafa gefen takardar da babban yatsa, ya ce ko zan buga masa guda ya ajiye.

Na ce, "Baba, sai na tambayi Iya."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya miƙo mini hoton da hannu biyu ya ce, "Haka ne. Je ki tambaye ta."